Maiƙo da Kwalbarsa

Mutum goma sha ɗaya Maiƙo ya shafa wa mai cikin shekara huɗu, kuma duk goma sha ɗayan mun binne su. Ba a bakin wani na ji ba, ni na ƙirga. Aikin da na yi ke nan shekara ashirin da shida a ƙofar masaƙa, in zauna a kan benci in ƙirga mai shiga da mai fita. Mutum yakan bar aiki, amma halin aikin ba ya barinsa.

A can masaƙar na san shi. Ni mai gadin ƙofa ne na rana, shi kuwa mai zuba wa injuna mai. Na girme shi da shekara uku, shi ya sa Yaya yake ce mini. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Duk abin da ya taɓa sai ya bar masa tabo. Katinsa na shiga aiki ya sha mai har kana hango yatsanka ta bayansa, daga nan sunan ya kama shi. Layukan tafin hannunsa baƙaƙe ne, ba sabulun da ke fitar da su, amma in kun gaisa sai ka ji hannun da laushi kamar na jariri.

Yadda yake aikinsa ma abin kallo ne. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Wannan ƙishirwa yake ji." Ya ɗauko gwangwaninsa mai dogon baki ya ba shi. Yakan ce injin da ke gudu ba ya ba shi tsoro, wanda aka kashe aka lulluɓe da tamfol shi ne mai mutuwa. Na sha jin wannan magana a bakinsa, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

Da aka rufe masaƙar, sai ya rataya jaka ya shiga bin gidaje. Ƙyauren da ke kuka, fankar da ta ƙi juyawa, keken ɗinki, duk nasa ne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa guda yana aiki a nesa. Shi kaɗai yake zaune a ɗaki ɗaya bayan shagon mai walda. A majami'armu kuwa dattijo ne, a bencin ƙarshe yake zama, ƙarƙashin fankar da shi ke kula da ita.

Dā can in an kira dattawa wurin mara lafiya, Fasto yakan tsoma kan yatsa a man zaitun ya taɓa goshin mutum, a yi addu'a, a watse. Haka muka taso muka gani. Sai aka kawo mana sabon Fasto, yaro ne a kanmu amma ya yi karatu. Wata Laraba da yamma, wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, ya ce mana a harshen Helenanci, wanda aka fara rubuta maganar da shi, shafa mai ba kalma ɗaya ba ce. Akwai wadda ake faɗa in za a keɓe sarki ko firist. Akwai kuma ta yau da kullum, ya kira ta alaifo, na roƙe shi ya maimaita har sau uku kafin ta zauna mini. Ita wannan, in ji shi, shafa ce irin wadda uwa ke yi wa ɗanta bayan wanka, ko wadda ake yi wa baƙon da ya sha tafiya ƙafarsa ta tsage. Kuma ita ce aka yi amfani da ita inda aka ce a shafa wa mara lafiya mai.

Maiƙo ya ɗaga hannu daga baya. Bai cika magana a taro ba, duk muka waiwaya.

"Fasto, wato shafa ta gaske? Da tafin hannu?"

"Da tafin hannu, Baba."

"To ashe ɗiga muke yi, ba shafa ba. Da haka nake yi wa injin kamfani, ai da tuni sun kore ni."

Aka yi dariya. Sai maƙwabciyarmu mai sayar da burodi, wadda gidanta ke kallon namu, ta tambaya ko akwai wani wurin kuma da aka faɗi kalmar. Fasto mutum ne da ba ya ɓoye abin da ya sani. Ya ce akwai, har matan nan da suka ɗauki kayan ƙanshi suka nufi kabari da sassafe don su shafa wa gawa, ita aka faɗa a kansu. Dariyar ta tsaya cak.

Daga ranar Maiƙo ya sayi kwalbar man zaitun da kuɗinsa, ya sa a jaka kusa da gwangwanin man inji. Na farkon da ya je wa tsohon kafintan layinmu ne, ina wurin. Ya riƙe kwalbar a hammatarsa har ta yi ɗumi. Ya fara daga tafin ƙafa, yatsa bayan yatsa, ya hau ƙwauri, gwiwa, ya juya tsohon a hankali ya bi bayansa har wuya. Ya fi awa guda yana yi, bakinsa na motsi ba a jin abin da yake cewa. Kafinta ya yi mako bai runtsa ba, amma kafin a rufe kwalbar ya yi barci har da minshari. Kwana uku ya cika.

Matar kafintan ce ta fara faɗa, a wurin zaman makoki. Ta ce, "Ni da na ga yadda yake bin jikin nan gaɓa gaɓa, na san shirya shi yake yi."

Na biyu ya kwana biyar. Ta uku kwana biyu, ita hannu da ƙafa kawai ya shafa mata, ya bar sauran ga 'yarta. Cikin goma sha ɗayan nan babu wanda ya wuce kwana bakwai. Abin da ban gani ba a lokacin, ni da sauran jama'a, shi ne mu ba ma kiran dattawa sai likita ya girgiza kai ya ce a koma gida. Kunya muke ji a tara manya a kan zazzaɓi. Sai rai ya zo wuya muke aikawa. Amma tsoro ba ya lissafi irin wannan, abin da ido ya gani kawai ya sani: Maiƙo ya shiga, gawa ta fita.

A majami'armu ana karanta sunayen marasa lafiya ranar Lahadi don a yi musu addu'a. Sannu a hankali takardar ta fara gajarta. Mutum zai zo sujada jikinsa na rawa, ya danne tari a cikin hankici, don kada sunansa ya hau. In an karanta suna, sai ka ga kawuna suna juyawa a sace zuwa bencin ƙarshe. Bencin na mutum shida ne, ya koma shi kaɗai a kai. In ya shigo gida ya zura hannu a jaka, sai numfashin masu gida ya tsaya har a ga wanne zai fito da shi, gwangwani ko kwalba. Ya san duk wannan. Bai taɓa yin ƙorafi ba, bai kuma fasa zuwa ba.

Uwar yarana tela ce, Mai Keke ake ce mata. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kuma ƙarar kekenta ita ce agogon gidanmu. Wata Litinin da hantsi ina shara a tsakar gida sai na ji ƙarar ta yanke a tsakiyar ɗinki. Na leƙa. Ƙafarta ta dama ta zame daga kan matakin keken, bakinta ya karkace, tana kallona kamar mai neman sunana. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki.

Kwana tara muka yi a asibiti. Ranar sallama likita ya yi ta bayani da sauri, ya miƙo mini takarda mai ƙananan rubutu. Ni aji huɗu na tsaya, kunnena kuma ya fara nauyi. Abin da na kama a maganarsa biyu ne: ta riƙa shan ƙwayoyi, kuma kada ta wahala. Autarmu ta zo ta yi mako, ta koma, don jaririnta bai kai wata biyu ba.

Mai burodi ce ta taya ni shigar da ita ɗaki. Da za ta fita ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Baban Auta, ka ji ni da kyau. Kada ka bari sunanta ya hau takardar Fasto."

"To me zan ce musu?"

"Ka ce ta bi Auta taya reno. Wa zai je ya duba?"

Haka na faɗa. Na tsaya a ƙofar majami'a, da furfurata, na shirga wa Fasto ƙarya, ya ce Allah ya dawo da ita lafiya.

Na saki labulen taga don kada a hango ta. Na kwantar da ita rigingine a tsakiyar katifa, na tokare ta da matashi hagu da dama. Tun da an ce kada ta wahala, na ɗaura niyyar ko motsi ba za ta yi ba. In zan canza zanin gado, sai in ɗan ɗaga gwiwoyinta in zare in zura wani, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, a cikin duhun ɗakin. Ina ba ta abinci a baki, ina goge mata fuska da ƙirji. Ina gani a raina babu mijin da ya fi ni iya jinya. Wajen kwana na goma sha biyar na fara jin wani wari. Na ce katifa ce. Na sayo turare na kunna.

Rana ta goma sha tara da dawowarmu gida, Litinin ce, wajen ƙarfe goma na safe, aka buga ƙofar gida sau uku da gindin gwangwani. Mutum ɗaya ne ke buga ƙofa haka. Cokalin da ke hannuna ya faɗi. Ita ma ta ji, idonta mai lafiya ya buɗe tar.

"Kada ka buɗe," in ji ta. Maganarta a ja take fita tun da ciwon ya same ta, amma ni ina ganewa.

Aka sake bugawa. Na fita na buɗe ƙofar kaɗan, na cika gurbin da jikina.

"Yaya, barka da hantsi."

"Barka kadai. Lafiya?"

"Lafiya lau. Keken matar yaya na zo dubawa, watansa ya yi."

"Ai ba ta nan. Ta tafi wurin Auta."

"Na ji a majami'a. Shi ya sa ma na zo. Wata guda ke nan ina wucewa ban ji ƙararsa ba. In ta dawo ta tarar ya ci tsatsa, ni za ta ci wa mutunci, ba kai ba."

Shekara goma sha biyar yana yi wa keken nan hidima duk wata, ko kwabo bai taɓa karɓa ba. Idona na kan jakarsa. Ya zura hannu, sai ya fito da gwangwani. Na matsa masa.

Keken yana falo, jingine da bangon ɗakin da take kwance, labule kawai ya raba su. Ya yaye zanin da na rufe shi, ya juya ƙafar keken da hannu, ya saurara. Ya ɗiga mai nan, ya ɗiga can. Ni ina tsaye a gaban labulen ina ta surutu da ƙarfi, ni da ba na magana, ina ba shi labarin tsadar gawayi. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga kai, ya ja iska ta hanci sau biyu. Ya lumshe ido kamar yadda yake yi a jikin inji. A cikin shirun nan numfashinta ya fito ta labule, mai nauyi, da ɗan kakari a ƙarshensa.

Bai kalle ni ba. Ya rufe bakin gwangwani, ya goge hannu da tsumma.

"Yaya, kwana nawa?"

Na buɗe baki zan sake maganar Auta.

"Ba ƙaryar nake tambaya ba, wannan tsakaninka da Fasto ne. Kwana nawa tana kwance?"

"Goma sha tara."

"A wane gefe?"

"Rigingine. Likita ya ce kada ta wahala."

"Duk kwanakin?"

Na gyaɗa kai. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Maiƙo ba sai ranar. Ni ina tsoronsa, shi kuma ga shi yana tsoron wani abin da ban sani ba, sai nawa tsoron ya ninku.

Daga ciki ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Maiƙo! Ɗaukata ka zo yi?"

"Matar yaya, ni direba ne? Ko keke ban da shi. In shigo?"

"In na ce a'a za ka tafi?"

"A'a."

"To shigo, mugu."

Ya shiga, ya ɗage labulen taga, haske ya cika ɗakin karo na farko. Ya gaishe ta, ya tsokane ta wai ta sami bawa tana hutawa. Sannan ya juya mana baya, ya fuskanci bango, hancinsa kusan yana taɓa kalanda.

"Yaya, sa hannunka ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a ƙugu. Ka juyo ta wajenka. Ka yaye mata baya ka gaya mini abin da ka gani."

"Za ta wahala."

"Juya ta."

Na juya ta. Zanin gadon ya biyo bayanta, ya manne, sai da na ɓamɓare shi. Warin da na yi kwanaki ina ɗora wa katifa ya taso ya buge ni. A ƙasan bayanta, daidai kan ƙashi, akwai gyambo mai faɗin bakin kofi, gefensa ja, tsakiyarsa baƙi, yana tsatsafar da ruwa. Ita ba ta ji ba, don wajen ɓarin da ya mutu ya fi karkata. Na durƙusa a bakin gado.

"Me ka gani?"

Na gaya masa.

"Baƙin ya kai girman me?"

"Babban yatsa."

"Dugaduganta fa?"

"Sun yi ja. Ba su fashe ba."

"Mene ne?" in ji ta. "Ku gaya mini. Baban Auta, me ya sa kake kuka?"

Maiƙo ne ya amsa, fuskarsa na bango. "Matar yaya, kwanciya ta ci miki baya. Yau za ki koma asibiti." Ya ciro waya ya kira Fasto, don shi ke da mota. Na ji yana cewa a zo yanzu, bayani sai daga baya. Fasto yana can wani gefen gari, ya ce a ba shi kamar minti arba'in.

Sai Maiƙo ya zura hannu a jaka. Wannan karon kwalbar ce ta fito. Ya sa ta a hammata.

Na san sauran. Na gan shi sau goma sha ɗaya, wasu da idona, wasu a bakin waɗanda suka gani. Na dubi ƙofa, na dubi taga. Na yi tunanin in kama shi in jefa waje, ai na fi shi tsawo. Ita kuwa ta damƙe rigata da hannunta mai lafiya, ina jin farcenta a fatata.

"Maiƙo," na ce, "don girman Allah. Shekara arba'in da ɗaya."

Da ya yi magana, da bangon yake yi.

"Tawa matar wata huɗu ta yi a kwance. Kullum ina fita da asuba in shayar da inji ɗari da sittin, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. In dawo in zauna kusa da ita in riƙe mata hannu. Sai ranar da mata suka zo yi mata wanka suka kira ni, suka nuna mini bayanta da dugaduganta. Ba ciwon da ya kwantar da ita ne ya kashe ta ba, Yaya." Ya miƙo kwalbar ta bayansa, ba tare da ya waiwayo ba. "Ni ba zan taɓa ta ba. Matarka ce. Karɓi."

Kwalbar da ɗumi, ɗumin jikinsa. Na yi niyyar in sake ta ta faɗi ta fashe, in ce kuskure ne. Na dubi uwar yarana. Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta daɗe. Sannan ta saki rigata.

"In mutuwar ce ma," ta ce, "gara a hannunka. Zuba."

"Kada mai ya kusanci gyambon," in ji Maiƙo. "Wannan aikin likita ne, ba namu ba. Fara daga tafin ƙafa. Zuba a hannunka tukuna, ka murza. Ba ɗiga ba, Yaya, cika tafin."

Na fara. Fatar ƙafarta ta bushe tana fari kamar an barbaɗa gari, ban taɓa lura ba. Man ya shige nan take. Yana jin ƙarar hannuna yana gyara mini. "Ka yi sauri da yawa, ba tukunya kake wankewa ba." "Inda ya yi ja kada ka danna, zagaye shi." "Yanzu hannun da ya mutu. Buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya." Yatsun sun naɗe sun ƙage, cikin tafin ya yi laushi yana wari. Na buɗe, na goge, na shafa. Can na ji bakinsa ya fara motsi, addu'ar tasa da ba a ji. A raina na fara ƙirga mata kwana, ina cewa yau ɗaya.

Da Fasto ya iso muka naɗe ta a zanin gado mai tsabta, ni na kama kafaɗu, su biyu suka kama ƙafafu. Muna fitowa ƙofar gida na ga abin da ke jiranmu. Mai burodi ta ga shigar Maiƙo, ta ga ya daɗe, ta ga motar Fasto. Har an jera benci uku a gindin katangarmu. Mata sun fi goma a tsaye, sun yafa mayafi. Da suka ga farin zani sai mai burodi ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Uwar yarana ta fito da hannunta mai lafiya daga cikin zanin, ta nuna ta.

"Ke, rufe mana baki. Rigarki ma ban gama ba."

Wasu suka ja da baya har da tuntuɓe. Ba wanda ya yi dariya. Na ji wata tana raɗa cewa ai kafinta ma sai da ya yi magana.

Likitan da ya duba gyambon ya cire tabarau ya dube ni. Ya tambaya wa ya ce in bar ta a gefe ɗaya. Na ce ni na ɗauka hutu ke nan. Ya buɗe takardar da suka ba ni ranar sallama, wadda na adana a leda ban karanta ba, ya nuna mini layi na uku. A juya ta duk bayan awa biyu. Ya ce da an ƙara mako guda, da ya shiga jini. Ko yanzu ma, in ji shi, ba zai yi mini alkawari ba.

Na zauna a kujerar roba kusa da gadonta ina ƙirga. Biyu. Uku, ranar kafinta. Huɗu. Kullum da safe Maiƙo yakan zo ya tsaya a ƙofar ɗakin jinya da jakarsa, ya ɗaga mini hannu, ba ya shigowa. Rana ta biyar zazzaɓi ya rufe ta. Ta shida ba ta gane ni ba, tana kiran sunan uwarta da ta rasu tun muna yara. Da na ɗaga kai na gan shi a ƙofa, sai wani abu ya taso mini. Na tashi na same shi.

"Me kake jira? Ba ka gama aikinka ba ne? Tafi da kwalbarka!"

Mutanen ɗakin duk suka juyo. Ya dube ni, ya ce, "To, Yaya." Ya juya. Ta taga na hango shi ya zauna a kan dakalin da ke gindin bishiya, wajen da ake ajiye motoci, ya ɗora jakar a cinya. A nan ya wuni.

Da azahar nas ta zo juya ta. Ta kira ni in kama mata. Da muka gama sai ta ciro wani farin gwangwani daga aljihu, ta lakato mai, ta murza a tafinta, ta kama ƙafar uwar yarana. Daga tafin ƙafa ta fara. Ta zagaye inda ya yi ja ba ta danna ba. Ta buɗe yatsun hannun ɗaya bayan ɗaya.

"'Yata, wa ya koya miki wannan?" na tambaye ta.

"Makaranta, Baba. Duk wanda ke kwance haka ake yi masa, in ba haka ba fatar ta tsage. Kai ma sai ka koya."

Na so in fita in je gindin bishiyar. Ban iya ba. Rana ta shida ce, saura ɗaya, kuma tsoron bai sake ni ba don na ga nas.

Ta bakwai ta zo ta wuce ina riƙe da hannunta, ina sauraron kowane numfashi. Da safiyar ta takwas na ji hannun ya yi sanyi, ya jiƙe. Na ce shi ke nan. Na ɗago a hankali. Idonta a buɗe, gumi ya wanke mata goshi.

"Baban Auta," ta ce, "ka mayar wa kekena zaninsa? Ko haka kuka bar shi a buɗe, kai da mugun nan?"

Na fita ban ko sa takalmi ba. Yana nan a kan dakalin. Na tsaya a gabansa. Ya matsa mini wuri, na zauna.

"Ta farka?" ya ce.

"Tana faɗa."

"To madalla. Ka ci wani abu kuwa?"

Mako biyar muka yi kafin gyambon ya rufe. Yau shekara biyu da wata uku. Tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa falo, tana taka keken da ƙafar hagu, ni nake riƙe mata bakin yadi. Rigar mai burodi ta gama ta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta ce ladan ihu ne.

Na tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi na faɗi ƙaryar da na yi, na faɗi abin da na gani a bayanta, da abin da likita ya ce. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Da aka tashi, a bakin ƙofa, na ji matar kafinta tana ce wa wata, "Ai dabara suka yi. Mijinta ne ya shafa, shi bai taɓa ta ba. Da hannunsa ya sauka a kanta, da wani labarin ake yi." Har yau takardar Fasto gajeriya ce. Bencin ƙarshe mu uku ne a kai yanzu, shi da ni da ita, saura wurin mutum uku ba mai zama.

Na gaya wa Maiƙo abin da na ji. Ya ce, "Bar su, Yaya. Kai dai kada ka tsallake rana."

Ban tsallake ba. Kullum da safe nakan sa kwalbar a hammata har ta yi ɗumi. Ba zan ɓoye ba, duk ranar da na kama murfin sai gabana ya ɗan faɗi, sai na ji bakina yana shirin cewa yau ɗaya. Ita takan gane. Sai ta miƙo ƙafar ta zungure ni da ita.

"Tsoho, cika tafin. Ɗiga kake yi."